Ibrahim Mirza, Yariman da Aka Wanke Littattafansa da Ruwa

Gabatarwa

A shekarar 1577, a birnin Kazwin na ƙasar Farisa, watau ƙasar da ake kira Iran a yau, wata gimbiya mai suna Gauhar Sultan ta aikata abin da har yanzu masana tarihin zane da rubutu suke jimami a kansa. Ta ɗauko wani kundi na mijinta, wanda aka tara rubutun manyan gwanayen alƙalami da zanen manyan gwanayen fenti a cikinsa, ta wanke shi da ruwa kamar yadda almajiri yake wanke allo. Ta farfasa tangaran na ƙasar Sin da mijin ya tara, sauran kayan kuma ta cinna musu wuta. Dalilinta shi ne, ɗan'uwanta Shah Isma'ila na Biyu ya sa an kashe mata miji, ita kuwa ba ta yarda idon wanda ya kashe shi ya sauka a kan abin da ya fi ƙauna a duniya ba.

Mijin nan shi ne Yarima Ibrahim Mirza, wanda ya rayu daga 1540 zuwa 1577. Bai taɓa hawa gadon sarauta ba, bai kuma ci wani gari da yaƙi ba. Abin da ya sa ake tunawa da shi shi ne, a lokacin da sarkin ƙasarsa ya juya wa masu zane da mawaƙa baya, shi ya buɗe musu ƙofar gidansa, ya ciyar da su, ya ba su aiki. Mu marubuta kullum kukanmu shi ne rashin uban gida wanda zai ɗauki nauyin aikinmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa mai karatu tarihin wannan yarima, domin mu ga abin da uban gida nagari yake iya yi wa fasaha, mu kuma ga inda ƙarfinsa yake tsayawa.

Gidan da Ya Fito

Kakan Ibrahim, Shah Isma'ila na Ɗaya, shi ne ya kafa daular Safawiyya a birnin Tabriz a 1501, ya kuma mai da Shi'anci aƙidar hukuma. Da ya rasu a 1524 sai ɗansa Tahmasb ya gaje shi yana ɗan shekara 10, ya yi mulki har shekara 52. Kalmar nan Mirza, idan ta biyo bayan suna, tana nufin ɗan sarki, kamar yadda mu muke cewa Yarima.

Gida ne na masu son littafi. Shi kansa Tahmasb ya yi ƙuruciyarsa a Hirat, birnin Bihzad, wanda Farisawa suke ɗauka a matsayin shugaban masu zane. Ya koyi zane da hannunsa, a zamanin sarautarsa kuma aka kammala masa Shahnama, watau waƙar tarihin sarakunan Farisa ta Firdausi, aka ƙawata ta da zane 258. Ƙanensa Sam Mirza ya wallafa littafi a kan tarihin mawaƙan zamaninsa. Wani ƙanen kuma, Bahram Mirza, wanda shi ne mahaifin Ibrahim, ya sa wani gwani mai suna Dust Muhammad ya haɗa masa kundin zane da rubutu a wajen 1544, kundin da yake ajiye a fadar Topkapi ta Santambul har yau.

Amma fa gida ne kuma na zargi da zubar da jini. Alkas Mirza, wani ƙanen Tahmasb, ya yi tawaye a 1547, ya haɗa kai da Turkawan daular Usmaniyya, aka kama shi aka kai shi kurkukun Kahkaha, can ya mutu. Sam Mirza mai littafin mawaƙa shi ma a wannan kurkuku ya ƙare rayuwarsa. Bahram kaɗai ne Shah ya amince da shi har ƙarshe. Da ya rasu a 1549, Ibrahim yana ɗan shekara 9, sai Tahmasb ya ɗauki maraya ya riƙe a fada, inda yaron ya tashi a tsakiyar masu alƙalami da masu fenti.

A nan ya kamata mu yi bayanin wata kalma. Kowane babban ɗan sarki a Farisa yana da abin da suke kira kitabhana. Ma'anarta ɗakin littattafai, amma ta wuce ma'ajiya, domin ma'aikata ce sosai. Akwai mai goge takarda da dutse har ta yi santsi, da mai haɗa tawada da baƙin hayaƙin fitila da ƙaro, da mai niƙa shuɗin dutsen lazawardi da ake kawowa daga tsaunukan Badakshan, da mai narka zinariya, da mai rubutu, da mai jan layi, da mai zayyana, da mai zane wanda yake aiki da burushin gashin kyanwa ko na kurege, sa'an nan mai ɗinki da bango. Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubuta Alƙur'ani, ya ga yadda yake fama da tawada da zayyana wata da watanni, to zai iya kwatanta wahalar. Duk waɗannan mutane da iyalansu daga aljihun mutum ɗaya suke ci.

Tuban Shah Tahmasb

Tun daga tsakiyar mulkinsa Tahmasb ya fara sauya hali. Ya tuba daga shan giya da sauraron kiɗa, sha'awar zane ta fita daga ransa, ya fara sallamar ma'aikatan kitabhanarsa. A 1555 ya yi sulhu da Usmaniyawa a Amasiya, ya mai da hankali ga gina sabuwar fadarsa a Kazwin, a 1556 kuma ya umarci manyan fadawansa da su yi irin tuban da ya yi. Ita ma Shahnamar nan mai zane 258 daga baya ya aika da ita kyauta ga Sarkin Usmaniyya Salim na Biyu a 1568.

Gwanayen da suka rasa abin yi sai suka watse. Biyu daga cikinsu, Mir Sayyid Ali da Abdussamad, suka bi Humayun, Sarkin Mugal, zuwa Kabul, daga nan zuwa Indiya, inda suka aza harsashin zanen fadar Mugal. Waɗansu suka koma garuruwansu. Waɗansu kuwa suka nufi gabas, domin a 1556 ɗin nan ne Ibrahim Mirza, yana ɗan shekara 16, ya isa Mashhad a matsayin gwamna. Faɗuwar wani tashin wani.

Zaman Mashhad

Mashhad babban birni ne a lardin Kurasan, a nan ne kabarin Imam Rida yake, limami na takwas a wurin 'yan Shi'a, saboda haka gari ne mai yawan baƙi da dukiya. Ba wa yaro irin wannan gari alama ce ta ƙauna. Shah ya ƙara nuna ƙaunar da ya aura masa 'yarsa Gauhar Sultan, aka yi biki a 1560. Ke nan Ibrahim ya zama ɗan ƙane kuma suruki.

Yawancin abin da aka sani game da halinsa ya zo ne daga Alƙali Ahmad, mutumin Kum, wanda mahaifinsa ya yi wa yariman aiki a Mashhad, shi kuma ya tashi a gidan. A wajen 1596 ya rubuta littafi a kan gwanayen rubutu da zane mai suna Gulistan-i Hunar, watau Lambun Fasaha. A ciki ya ce Ibrahim mawaƙi ne da ya tsara baiti kusan 5,000 da Farisanci da Turkanci, yana sa wa kansa laƙabin Jahi a cikin waƙa. Ya ce gwani ne na rubutu da kiɗan tambura mai tsirkiya, ya iya zane da ɗinkin littafi da haɗa fenti, ya iya harbi da iyo da ƙwallon doki, har girki ma bai bari ba. Ya kuma ce littattafan da ya tara sun kai 3,000.

Dole mu karanta wannan da lura, domin maganar ɗan gida ce a kan uban gidansa, mun kuwa san yadda bakin bara yake zaƙi idan ya zo yabon wanda ya ciyar da shi. Kada kuma mu manta, zinariyar da aka yayyafa a takardun nan daga harajin manoma da 'yan kasuwar Kurasan ta fito. Duk da haka akwai shaidar da ba ta bukatar maroƙi, wadda mutum zai gani da idonsa, watau littafin da yariman ya sa aka yi masa.

Karagai Bakwai

Littafin shi ne Haft Aurang, ma'ana Karagai Bakwai, na Abdurrahman Jami, babban malami kuma sufi na Hirat wanda ya rayu daga 1414 zuwa 1492. Dogayen waƙoƙi ne guda bakwai a haɗe. Biyu daga ciki labarinsu sananne ne a wurinmu, watau Yusuf da Zulaiha, da kuma Laila da Majnun. Sauran su ne Silsilatuz Zahab, da Salaman da Absal, da Tuhfatul Ahrar, da Subhatul Abrar, da littafin hikimar Iskandar. Abin lura a nan shi ne, Jami Sunni ne ɗan ɗariƙar Naƙshabandiyya, ga shi kuma ɗan gidan sarautar Shi'a ya zaɓi littafinsa ya kashe masa dukiya mai yawa. Daɗin waƙa ya rinjayi bambancin aƙida.

An fara aikin a 1556, shekarar da Ibrahim ya sauka Mashhad, ba a gama rubutun ba sai 1565. Shekara tara ke nan a kan littafi ɗaya mai warƙa 304 da zane 28. An san haka ne domin marubutan sun sa sunayensu da kwanan wata da sunan gari a ƙarshen sassan da suka rubuta, kamar dai yadda malamanmu suke yi idan sun kammala kwafar littafi. Su biyar ne: Shah Mahmud Nishaburi, da Malik Dailami, da Rustam Ali, da ɗansa Muhibbu Ali, da Aishi ɗan Ishrati. An yi rubutun a garuruwa uku, Mashhad da Kazwin da Hirat, da salon rubutun nan na Farisawa mai kwanciya da ake kira nasta'alik.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana da labari. Shah Mahmud tsoho ne a lokacin, ana yi masa laƙabi da Alƙalamin Zinariya. Shi ne ya rubuta wa Tahmasb waƙoƙin Nizami tsakanin 1539 da 1543, da kasuwar fada ta mutu sai ya koma Mashhad ya ƙare kwanakinsa a can. Rustam Ali ɗan 'yar'uwar Bihzad ne. Ɗansa Muhibbu Ali shi ne shugaban kitabhanar yariman. Malik Dailami kuwa shi ne malamin Ibrahim na rubutu. Yana tsakiyar aikin sai Shah ya aiko a tura masa shi Kazwin domin ya rubuta baitoci a bangon sababbin gine-ginen fada. Ya tafi da takardunsa, ya ƙarasa sashensa a can a 1559, Shah kuwa bai sake shi ya koma ba har ya mutu. Wannan ya nuna mana cewa ko a ranar da tauraron Ibrahim yake haske, akwai hannun da ya fi nasa ƙarfi, wanda yake iya ɗauke masa ma'aikaci da wasiƙa guda.

Masu zanen yawanci ba su sa hannu a aikinsu ba, amma masana suna danganta zanukan ga gwanaye irin su Shaihu Muhammad da Muzaffar Ali da Mirza Ali. Mai zayyana Abdullahi Shirazi ya ɓoye sunansa da ƙananan haruffa a cikin adon da ya buɗe Yusuf da Zulaiha. Shi ma Ibrahim an saƙa sunansa a cikin waɗansu zanukan, kamar rubutun da ake yi a saman ƙofar gini.

Abin da ya bambanta zanukan nan da na zamanin Tahmasb shi ne cunkoso da motsi. Mu ɗauki wanda ya nuna Majnun ya iso zangon ayarin su Laila. Mai kallo zai fara ganin tantuna masu launi iri-iri, da raƙuma da sauran dabbobi, da matafiya kowa yana sha'aninsa, wannan yana sauke kaya, wancan yana hira. Sai ya yi nema kafin ya gano Majnun, ramamme, a can gefe. Watau mai zanen ya ɗauki babban jarumin labari ya tura shi lungu, ya bar rayuwar yau da kullum ta cika fili. Duk marubucin da ya taɓa gwada siffanta kasuwa ko tasha a cikin labarinsa ya san wuyar wannan aiki, a tara mutane da yawa a wuri ɗaya, kowa da halinsa, ba tare da zaren labari ya tsinke ba. Ma'aikaci ba ya samun ƙarfin zuciyar yin irin wannan gwaji sai in uban gidansa ya san aikin, ya kuma sakar masa mara. A ganinmu wannan ce babbar gudummawar Ibrahim, ta fi kuɗin da ya kashe.

Baki Shi Ke Yanka Wuya

Tun kafin a gama littafin al'amura suka fara ɓaci. A wajen 1563 aka sauya masa wurin aiki zuwa Ardabil, garin kakanninsa, wanda muƙami ne mai daraja. Yana kan hanya sai aka kai wa Shah tsegumin wata magana da ya yi, Shah ya fusata, ya soke naɗin, ya tura shi wani ƙaramin gari mai suna Ka'in. Bayan ɗan lokaci aka mai da shi Mashhad, amma bai daɗe ba aka sake cire shi, bisa zargin ya ƙi kai ɗauki ga ɗan Shah, Muhammad Mirza, lokacin da abokan gaba suka yi masa ƙawanya. Aka tura shi Sabzawar, ya zauna can har 1574.

Da samu ya ragu sai kitabhana ta ragu. Akwai wani littafi da aka yi masa a Sabzawar a 1574, wanda yake Santambul yanzu, zane biyu kacal ne a cikinsa. Daga 28 zuwa 2, wannan kaɗai ya isa ya gaya mana halin da gidan ya shiga. Duk da haka waɗansu ma'aikatan ba su gudu ba. Abdullahi Shirazi, alal misali, ya yi kusan shekara 20 tare da shi, da daɗi da wuya.

A 1574 Shah ya huce, ya kira shi Kazwin ya ba shi muƙamin mai kula da tsarin fada da shigar da baƙi. Ga alama arziki ya dawo. Ashe kusantar gadon sarauta ce za ta zama ajalinsa.

Sarautar Isma'ila na Biyu

Tahmasb ya rasu a watan Mayu na 1576 bai tsai da magaji a fili ba. Fada ta rabu biyu. Waɗansu suna son ɗansa Haidar Mirza, wanda yake nan Kazwin, waɗansu kuma, har da gimbiya Pari Han Hanum mai faɗa a ji, suna son Isma'ila Mirza. Shi wannan Isma'ila jarumi ne a fagen yaƙi, amma mahaifinsa ya kulle shi a Kahkaha tun 1557, ya yi kusan shekara 20 a ɗaure. Ibrahim ya fara karkata ga Haidar. Ba a kwana biyu ba aka kashe Haidar a cikin fada, sai Ibrahim ya bi sahun masu yi wa Isma'ila mubaya'a.

Da farko sabon Shah ya karrama shi, ya ba shi riƙon hatimin sarauta. Amma mutumin da ya yi shekara 20 a kurkuku yana ƙirga maƙiyansa ba ya fitowa da sakakkiyar zuciya. Isma'ila ya ɗauka cewa duk namijin da yake da jinin sarauta barazana ne gare shi, ya shiga kashe 'yan'uwansa da 'ya'yan baffanninsa ɗaya bayan ɗaya. Ibrahim yana da farin jini, yana da ilmi, ga shi jikan wanda ya kafa daula kuma mijin 'yar Tahmasb. Abubuwan da suka ɗaukaka shi su ne suka zama laifinsa. Aka kashe shi a Kazwin a watan Fabrairu na 1577, yana da shekara 36. Daga baya aka kai gawarsa Mashhad aka binne.

A nan ne Gauhar Sultan ta yi abin da muka buɗe wannan maƙala da shi. Alƙali Ahmad ya ce kundin da ta wanke yana ɗauke da rubutun Mir Ali na Hirat da zanen Bihzad. Wani marubucin tarihin daular, Iskandar Beg Munshi, shi ya kawo labarin fasa tangaran da ƙone kaya. Ita ma ba ta daɗe ba ta bi mijinta a cikin wannan shekara.

Shin ta kyauta? Mun sha juya wannan tambaya a zuciya. Wanda ya ce ta yi ɓarna ya faɗi gaskiya, domin zanen Bihzad ba nata ba ne ita kaɗai, ba kuma na mijinta ba ne shi kaɗai, amana ce ta waɗanda za su zo baya. Amma mace ce da aka kashe wa miji, wanda ya kashe shi kuwa ɗan'uwanta ne kuma shi ne sarki. Ba ta da alƙalin da za ta kai wa ƙara, ba ta da rundunar da za ta ɗaukar mata fansa. Abu guda da ya rage a hannunta shi ne ta hana shi cin gadon wanda ya kashe. Mu dai ba mu iya ɗora mata laifin duka ba. Abin takaicin shi ne, Isma'ila bai ƙara ko shekara ɗaya ba a duniya, ya mutu a watan Nuwamba na 1577. Da ta ɓoye kundin na wata tara, da ya tsira.

Abin da Ya Tsira

Haft Aurang yana cikin abin da ya kuɓuta daga ruwa da wuta, tafiyar da ya yi bayan haka kuwa abin mamaki ce. Cikin 'ya'yan sarautar da Isma'ila ya ba da umarnin a kashe akwai wani yaro ɗan shekara 6 a Hirat mai suna Abbas. Wanda aka aika ya yi jinkiri saboda alfarmar watan azumi, kafin ya zartar sai labarin mutuwar Isma'ila ya iso. Yaron nan shi ne ya zama Shah Abbas Babba. Littafin Ibrahim ya shiga hannunsa, a wajen 1609 kuma ya ba da shi wakafi ga hubbaren kakansu Shaihu Safiyuddin a Ardabil, garin da aka hana Ibrahim mulka.

Wakafin bai tsare shi wuri ɗaya ba. Rubutun da ma'ajin littattafan sarakunan Mugal suka bari a jikinsa ya nuna ya je Indiya a cikin ƙarni na 17. A 1926 ya bayyana a wata kasuwar gwanjo a Milan ta ƙasar Italiya. Wani dillalin kayan tarihi mai suna Hagop Kevorkian ya mallake shi, a 1946 kuma gidan adana kayan fasaha na Freer da ke Washinton a Amurka ya saye shi. Yana can har yau, ana kuma iya ganin hotunan shafukansa ta intanet. A 1997 wata masaniya, Marianna Shreve Simpson, ta fitar da babban littafi a kansa bayan ta bi shi warƙa warƙa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Su ma ma'aikatan ba su tafi a banza ba. Ɗaya daga cikin masu zanen Ibrahim, Ali Asgar mutumin Kashan, shi ne mahaifin Rida Abbasi, wanda ya zama babban mai zane na zamanin Shah Abbas. Sa'an nan da manyan iyayen gida suka yi ƙaranci, masu zane suka ƙara mai da hankali ga zanen warƙa guda, wanda attajiri ko ma'aikacin hukuma zai iya saye ya sa a kundinsa. Wannan ya rage dogaronsu ga fada. Abdullahi Shirazi kuwa, in ji Alƙali Ahmad, daga baya ya bar aikin fada ya koma Mashhad, ya zama mai shimfiɗa a hubbaren Imam Rida, yana kula da kabarin uban gidansa.

Kammalawa

Idan muka dubi abin da ya ɓace da abin da ya saura, za mu ga wani abu. Waƙoƙin Jami ba su taɓa shiga haɗari ba, ko da an wanke kwafin Ibrahim, domin akwai ɗaruruwan kwafi a makarantu da gidajen malamai daga Santambul har Indiya. Kundin Bihzad da Mir Ali kuwa guda ɗaya ne a duniya, a ɗaki ɗaya, a ƙarƙashin kariyar mutum ɗaya. Da aka kashe mutumin sai kundin ya bi shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Haka abin yake a wurinmu. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun iso mana ne domin almajirai sun yi ta kwafa suna bai wa juna, mata kuma sun haddace waƙoƙin suna rerawa. Amma littattafai nawa ne na ajami suka ruɓe a cikin adaka, gara ta cinye, ko aka yi watsi da su wajen rabon gado, saboda kwafi ɗaya ne kuma mai shi ya rasu? Mu malaman makaranta mun san abokan aiki da ɗalibai masu labari ko waƙa a cikin littafin rubutu guda, suna jiran ranar da wani mai hali zai buga musu. Shawararmu ita ce, a nemi uban gida in an samu, a kuma gode masa, domin ba don irin su Ibrahim Mirza ba da Shah Mahmud ya tsufa cikin yunwa, da zangon ayarin Laila bai zanu ba. Amma kafin ya zo, da bayan ya zo, a kwafa, a ba aboki, a kai wa ƙungiya, a aiko wa wannan mujalla, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Uban gida mutum ne, yana da maƙiya, yana kuma da ajali.

Akwai wani ɗan ƙarin labari da za mu rufe da shi. Ibrahim ya bar 'ya mace mai suna Gauhar Shad. Bayan ƙura ta lafa sai ta bi baitocin mahaifinta da suka warwatse a hannun mutane, ta tattara su, ta sa aka rubuta diwani. Kwafi ɗaya da aka yi a Kazwin a 1582, wanda Abdullahi Shirazi ya ƙawata, yana gidan adana kayan tarihi na Aga Khan a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Matarsa ta wanke, 'yarsa ta tara. Ta sami abin tarawa ne domin baitocin sun riga sun fita daga gidan, sun shiga bakin mutane da takardunsu tun mai su yana da rai. Allah Ya ba mu masu tara namu a bayanmu, amin.